Harajin Lardi a Kanada: Ka Lissafa Abin da Ake Bin Ka Tun Kafin Afrilu

Waɗanda data ba ta bari suka saurari shirin ba, ga shi a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau maganar kuɗi za mu yi. Ta shafi 'yan'uwanmu da ke Kanada, da masu shirin tafiya karatu ko aiki, har da iyayen da ke gida suna jiran aike. Mutum zai ji an ce albashi dala 60,000 a shekara. Nan take ya ɗauko waya ya buga da canjin naira, ya raba gida goma sha biyu, ya ga dala 5,000 duk wata, ya fara alƙawari: zan ɗauki nauyin karatun ƙannena, zan rufe ginin Baba, zan biya wa Hajiya Makka. Sai albashin farko ya shigo, ya ga abin bai kai 4,000 ba. Shi yana can yana jin kunya, na gida suna nan suna cewa yaro ya canza. Alhali babu wanda ya yi ƙarya, lissafi ne kawai ba a yi ba. To shi za mu yi yau, ku samo biro da takarda.

Abu na farko, a Kanada gwamnati biyu ce ke karɓar haraji a kan abin da ka samu. Akwai ta tarayya da ke Ottawa, akwai kuma ta lardin da kake zaune. Larduna goma ne da yankuna uku, kuma kowanne da nasa ma'aunin. Mutum biyu masu albashi ɗaya, ɗaya a Toronto ɗaya a Winnipeg, ba kuɗi ɗaya za su biya ba. Hukumar haraji ta ƙasa, wadda ake kira CRA, ita ke karɓar duka biyun a takarda ɗaya, ta miƙa wa lardi nasa. Lardin Quebec ne kaɗai ya ware, yana da tasa hukumar, don haka mazaunin Montreal takarda biyu yake cikewa duk shekara.

Abu na biyu, kuma shi ne zuciyar shirin yau: harajin hawa-hawa ne. Mu da muka taso da ilimin zakka, kanmu ya saba da wani tsari. Idan dukiya ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo, a kan dukkanta ake fitar da ɗaya cikin arba'in. Shi ya sa da yawanmu ke ɗauka haraji ma haka yake, wato da ka tsallake wani layi, sabon kaso zai hau kan kuɗinka gaba ɗaya. Haraji ba haka yake tafiya ba. Ku ɗauka jarkoki ne a jere a bakin famfo. Sai ta farko ta cika ruwa ke shiga ta biyu, kuma kowace jarka da kuɗinta. Ruwan da ke cikin ta farko, farashin ta farko za a biya masa, ko da ka cika jarka biyar bayanta.

Mu ɗauki lardin Ontario, tunda can ne jama'armu suka fi yawa. Zan yi amfani da alƙaluman shekarar 2024, kuma duk inda na ce dala, ta Kanada nake nufi. Jarkar farko: daga dala ɗaya zuwa 51,446, kashi 5.05 cikin ɗari. Ta biyu: abin da ya haura haka zuwa 102,894, kashi 9.15. Ta uku: zuwa 150,000, kashi 11.16. Ta huɗu: zuwa 220,000, kashi 12.16. Duk abin da ya wuce nan, kashi 13.16.

To a ce ke ce ko kai ne mai dala 60,000 ɗin nan. Jarkar farko ta cika, 51,446 sau kashi 5.05, ya ba mu dala 2,598. Abin da ya rage, 60,000 a cire 51,446, saura 8,554. Wannan kaɗai ne ya shiga jarka ta biyu, kashi 9.15 ɗinsa dala 783. A haɗa, 3,381.

Ba mu gama ba. Kowane lardi yana da wani adadi da yake yafe wa kowa, wato kuɗin da aka ɗauka na rufin asiri ne. A Ontario a 2024 dala 12,399 ne. Yadda ake yi, a buga shi da kason jarkar farko, 5.05, ya ba da dala 626, sai a cire daga harajin. Saura 2,755. Sannan Ontario tana da wani kuɗin lafiya da take ɗorawa a cikin takardar haraji. Wanda bai wuce 20,000 ba ba ya biya, mafi yawansa dala 900 ne, mai 60,000 kuma 600 zai biya. Jimillar na lardi ke nan, kimanin dala 3,355.

Kun lura? In aka tambayi mutumin nan zai ce yana matakin kashi 9.15. Amma 2,755 cikin 60,000 kashi 4.6 ne kawai. Lamba biyu ke nan da ya kamata kowa ya sani game da kansa. Akwai kason da ake cira a kan dalar da za ka ƙara samu nan gaba, akwai kuma matsakaicin abin da ka biya a kan kuɗinka duka. Na farkon shi kake dubawa idan za ka yanke shawarar karɓar ƙarin aiki. Na biyun shi kake dubawa idan za ka tsara kashe kuɗin gida.

Yanzu na tarayya, hanya ɗaya ce. A 2024, kashi 15 har zuwa 55,867, sannan kashi 20.5 har zuwa 111,733, daga nan 26, 29, har 33 ga abin da ya haura 246,752. Mai 60,000: jarkar farko dala 8,380. Saura 4,133 a kan kashi 20.5, dala 847. A haɗa, 9,227. Yafiyar tarayya dala 15,705 ce, kashi 15 ɗinta 2,356. A cire, saura kimanin 6,872.

Tarayya da lardi a haɗe, wajen dala 10,200. Sai abubuwa biyu da ba haraji ba ne amma daga albashi ake yankarsu. Akwai asusun fansho na ƙasa, CPP, kashi 5.95 na albashi bayan an ware 3,500 na farko, wato dala 3,362 ga mutumin namu. Akwai inshorar rasa aiki, EI, kashi 1.66, dala 996. Waɗannan biyun su ma suna jawo ɗan rangwame, akwai kuma wani ƙaramin rangwame na ma'aikata, duka suna rage harajin da dala dubu da ɗoriya. Ƙarshe dai abin da zai shigo hannu wajen 46,500 ne a shekara, wato ƙasa kaɗan da 3,900 a wata. A cikinsa za a biya haya, a ci abinci, a hau mota, a sayi rigar sanyi. Da wannan lambar ake yi wa gida alƙawari, ba da 5,000 ba.

Wani zai ce, ai alƙaluman 2024 ne. Haka ne. Kusan duk shekara ana ɗaga yawancin layukan nan don su bi tsadar rayuwa, kuma daga Yulin 2025 gwamnatin tarayya ta sauke kason jarkar farko daga 15 zuwa 14. Hanyar lissafin ba ta canzawa. Ka shiga shafin CRA ka ɗauko lambobin shekarar da kake ciki, ka zuba su a wannan tsari.

Mu zo kan maganar da ke sa wasu asara. Za ka ji mutum ya ce ba zai karɓi ƙarin awanni ba, ko ƙarin girma, wai kada ya shiga mataki na gaba gwamnati ta cinye. Mu gwada. Kana samun 51,000, aka ƙara maka 2,000, ka koma 53,000, ka tsallake layin Ontario. Dala 446 na farko har yanzu suna jarkar farko, harajinsu dala 23. Sauran 1,554 ne suka shiga ta biyu, dala 142. Lardi ya ɗauki 165. Tarayya ta ɗauki kashi 15, dala 300. Fansho da inshora wajen 150. Kai kuma ka tashi da kusan 1,400 da ba ka da su da. Dala 51,000 ɗinka na asali babu abin da ya taɓa su. Tsallake layi ba ya sa kuɗin hannunka su ragu. Inda ake taka-tsantsan shi ne masu karɓar tallafin yara da makamantansa, don shi yana raguwa a hankali idan samun gida ya ƙaru. Wannan lissafi ne daban, mai iyali ya haɗa shi a ciki.

To yaya sauran larduna? Mu riƙe 60,000 ɗin nan, shekarar 2024, da yafiyar kowa da kowa kaɗai. A Manitoba kashi 10.8 ne har 47,000, sannan 12.75 har 100,000. Jarkar farko 5,076, ta biyu 1,658, a cire yafiyarsu 1,704, saura kimanin 5,030. A Alberta a wannan shekarar kashi 10 ne har sama da 148,000, ga yafiya mai kauri, 21,885. Wato 6,000 a cire 2,189, saura kimanin 3,810, kuma daga 2025 sun ƙara sabuwar jarka ta kashi 8 ga 60,000 na farko. Ontario kuma mun ce 3,355. Tsakanin Manitoba da Ontario akwai tazarar kusan dala 1,700 a kan albashi iri ɗaya.

Amma kada wani ya tattara kaya saboda wannan kaɗai. Haya a Toronto ta fi ta Winnipeg nesa ba kusa ba, za ta iya lashe wannan tazarar cikin 'yan watanni. Harajin saye ma ya bambanta: a Ontario kashi 13 ne a kan yawancin kaya, a Alberta kashi 5 na tarayya kawai. Kuma Ontario tana da wani ƙari da take ɗorawa a kan harajin kansa idan ya haura wani adadi, wanda a 2024 dala 5,554 ne, abin da ke farawa wajen albashin 90,000 a wannan shekarar. Don haka lardin da ya yi wa ƙaramin ma'aikaci sauƙi ba lallai ya yi wa babba ba.

Wane lardi ne zai karɓi naka? Wanda kake zaune a cikinsa ranar 31 ga Disamba. Ku riƙe wannan ranar. Idan ka yi aiki a Ontario daga Janairu zuwa Nuwamba, ana yankar maka da ma'aunin Ontario, sai ka koma Manitoba da zama a Disamba, to albashin shekarar duka da ma'aunin Manitoba za a auna shi. Tazarar nan da muka lissafa, kai za ka cika ta daga aljihunka. In kuma akasin haka ka yi, rara za a mayar maka.

Wannan ya kawo mu ga bambanci tsakanin abin da aka yanka da abin da ake bin ka. Abin da kamfani ke yanka a kowane albashi ƙiyasi ne. Lissafin gaskiya sai shekara ta ƙare. Zuwa ƙarshen Fabrairu mai aikinka zai ba ka takardar T4, mai nuna abin da ka samu da abin da aka yanka. Kai kuma ka cike takardar haraji ka tura zuwa 30 ga Afrilu. In an yanka fiye da ƙima a mayar maka, in bai kai ba ka cika.

Mutum uku ne Afrilu ta fi kamawa. Na farko mai aiki biyu, kuma matasanmu da yawa haka suke, safe a sito, dare a gadi. Idan za ka fara aiki ana ba ka fom ɗin TD1. In ka cike shi a wuri biyu kana neman yafiyar nan a kowanne, kowane kamfani zai yanka kamar shi kaɗai ne ke biyan ka. Yafiyar kuwa sau ɗaya doka ta ba ka. A Ontario a 2024 ƙimarta 2,356 da 626 ce, kusan dala 3,000. Wannan kuɗin zai zo maka a matsayin bashi, ga kuma cewa albashin biyu in an haɗa su suna iya hawa jarka ta gaba. Maganin yana jikin fom ɗin: akwai gurbin da za ka nuna kana da mai aiki fiye da ɗaya, sai ka nemi yafiyar a wuri guda kawai.

Na biyu mai aikin kansa: mai jan Uber, mai kai abinci, mai kitso, mai ɗinki, mai girkin biki. Babu wanda ke yankar maka komai, kuɗin na shigowa cif, sai ka ɗauka duk naka ne. Ga haraji na jiran ka, ga fansho kaso biyu za ka biya, na ma'aikaci da na mai aiki, kashi 11.9. An ba ku har 15 ga Yuni ku tura takarda, amma kuɗin da ake bin ku ranar 30 ga Afrilu ake son su, daga nan ruwa ya fara hawa. Shawarata, ka buɗe asusu daban, duk abin da ya shigo ka zuba kashi 25 zuwa 30 a ciki ka manta da shi. Ka adana rasiɗin mai da gyaran mota da kayan aiki, don a kan riba ake lissafi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku sabon zuwa. Wanda ya shigo ƙasar a tsakiyar shekara, sau da yawa ana raba yafiyar bisa kwanakin da ya yi a ƙasar, ba cikakkiya za a ba shi ba. Kuma daga ranar da ka zama mazauni a idon hukumar haraji, abin da ka samu ko'ina a duniya ake tambaya. Kana da gidan haya a Kano ko shago a Kaduna da ke kawo maka kuɗi, sai ka bayyana. Akwai yarjejeniya tsakanin Najeriya da Kanada don kada a karɓi haraji sau biyu a kan kuɗi ɗaya, amma bayyanawar dole ce.

Tambayar da ta fi yawa a saƙonninku: kuɗin da nake aika wa iyayena, za a cire min daga haraji? A'a. Aike gida ba ya rage haraji, daga abin da ya rage maka yake fita. Sadakar da ke jawo rangwame ita ce wadda aka ba ƙungiyar agaji mai rajista a Kanada, aka ba ka rasiɗi.

Abin da ke rage haraji iri biyu ne, ku bambance su. Akwai wanda ake cirewa daga kuɗin da ka samu kafin a fara lissafi, kamar ajiyar ritaya ta RRSP. Shi daga jarkar sama yake kwashe ruwa. Mai 60,000 a Ontario, kason samansa 20.5 da 9.15, wato 29.65, don haka in ya ajiye dala 1,000 ya rage haraji da kusan 297. Sai dai damar wannan ajiya daga aikin shekarar baya take fitowa, sabon zuwa ba shi da ita a shekarar farko. Akwai kuma rangwamen da ake bugawa da kason jarkar ƙasa, kamar yafiyar nan da kuɗin makaranta. Ɗalibai, ku karɓi takardar T2202 daga makarantarku. Ko bana ba ku da harajin da za a rage, rangwamen tarayya na kuɗin makaranta yana jiran ku har shekarar da kuka fara aiki sosai.

Kuma ko ba ka samu komai ba, ka cike takardar. Da ita ake lissafa tallafin yara da ɗan kuɗin da gwamnati ke mayar wa masu ƙaramin ƙarfi na harajin saye. In ana bin ka kuma ba ka da kuɗin biya, duk da haka ka tura a kan lokaci, domin tarar jinkirin turawa kashi 5 ce na bashin, da ƙarin kashi 1 duk cikakken wata har wata goma sha biyu. Masu ƙaramin samu da lissafinsu ba shi da sarƙaƙiya, akwai 'yan sa-kai da ke cike wa mutane kyauta a watannin Maris da Afrilu, a cibiyoyin unguwa da ɗakunan karatu. Ku yi hattara da mai cewa zai samo muku rara mai yawa in kun bar shi ya rubuta abin da ba haka ba. Sunanka ne a takardar, kai za a nema.

Na gida kuma kada ku ce wannan ba naku ba ne. Dokar harajin da aka sa wa hannu a Najeriya a Yunin 2025 ita ma jarkoki ce. Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji, daga nan zuwa miliyan 3 kashi 15, yana hawa har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Mai albashin naira 150,000 a wata, miliyan 1.8 ke nan a shekara. A ware 800,000, saura miliyan ɗaya, kashi 15 ɗinsa 150,000, wato 12,500 a wata, kafin a cire fansho da rangwamen haya su ƙara rage shi. Kuma harajin yawancin ma'aikata jihar da suke zaune yake tafiya. Wanda ya san nawa ya biya, shi ke da bakin tambayar inda aka kai.

Aikin gida na wannan makon: ka ɗauko takardar albashinka ta ƙarshe. Ka ƙiyasta abin da za ka samu a shekara daga duk hanyoyinka. Ka zuba shi a jarkokin tarayya, ka zuba a na lardinka, ka cire yafiya sau ɗaya. Sannan ka duba abin da ake yanka, ka buga shi zuwa ƙarshen shekara, ka kwatanta. In akwai giɓi, ka raba shi a kan watannin da suka rage ka fara tarawa daga yanzu.

Wanda lissafin ya rikice masa ya rubuta sunan lardinsa a ƙasa, kada ya sa lambar shaidarsa ko hoton takardunsa. Lardin da aka fi tambaya, da shi za mu yi misali a shiri na gaba. Ku tura wa ɗan'uwan da ke shirin tafiya, ku karanta wa iyaye sashen farko. Allah Ya sa wa nema albarka. Sai mun haɗu.